Harsashi Ba Ya Da Ido: Ina Iyakar Bindigar Soja?

Zancen yau yana da ɗan nauyi, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Tun watan Nuwamba na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari a Sanloaga cikin yankin Kpendjal, maganar bindiga ta shigo hirarmu ta majalisa da ta tasha. A daren 10 ga Mayu 2022, wayewar 11, sojojin Togo 8 suka kwanta dama a Kpékpakandi, 13 suka ji rauni. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes. 'Yan'uwanmu na Dapaong da Mango da Cinkassé suna cikin wannan jihar. Mutanen Sokodé ma ba a nesa suke ba, domin direbobinsu da 'yan tiredarsu da dillalan shanunsu ba sa rabuwa da babbar hanyar arewa, kuma garin ya san ƙarar bindiga tun tarzomar 2017.

To, tambayar ita ce: daga wane nisa bindigar soja take samun mutum? Amsar kashi biyu ce. Akwai nisan da mai harbi yake iya auna mutum ya same shi, akwai kuma nisan da harsashi yake tafiya yana ɗauke da ajali. Na farko shi ne lissafin soja. Na biyu shi ne namu, mu farar hula.

Bari mu fara da tarihi. Hausawa suna cikin sojojin farko da Jamus ta ɗauka aiki a Togo a 1885. Ranar 4 ga Disamba 1896, rundunar Jamus da ta nufi Mango ta yi karo da dubban mayaƙan Dagomba a Adibo, kusa da Yendi. Jamusawa 'yan ɗaruruwa ne, har da 'yan dako, amma su suka yi galaba. Dagomba ba ragwaye ba ne. Bindigar toka ce a hannunsu, wadda sai an matso ƙasa da mita 100 take cin mutum, ga ɓata lokaci wajen ɗura albarushi. Kafin su iso inda tasu za ta yi aiki, an riga an zubar da su. Haka aka yi wa dawakin Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903.

Daga nan Turawa suka ɗauka cewa duk wanda bindigarsa ta fi nisa shi ne da nasara. Bindigar da sojan Jamus ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita, an rubuta mata ma'auni har mita 2,000. Amma filin daga ya ƙaryata wannan lissafi. A 1952 wani mai bincike a Amurka, Norman Hitchman, ya duba abin da ya faru a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya, ya gano cewa da wuya sojan ƙasa ya yi amfani da bindigarsa fiye da yadi 300, wato kusan mita 270, kuma da an wuce yadi 100 sai samun abin hari ya ragu ƙwarai. Jamusawa da Rashawa sun riga sun gane haka. Shi ya sa suka rage ƙarfin harsashi, suka ƙara yawan wanda bindiga take fitarwa, kuma daga wannan tunani aka haifi Kalashnikov, wato AK-47, wadda ta cika Sahel a yau.

Me ya sa mita 300? Filin ƙwallo kusan mita 100 ne. Ku jera uku, ku tsayar da mutum a can ƙarshe, za ku ga ya koma kamar tsinke. Balle kuma ba tsaye zai yi yana jira ba: yana gudu, ko yana kwance, ko yana bayan itace. Mai harbin kansa yana haki, zuciyarsa tana bugawa, shi ma ana harbinsa. Ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya sa harsashi ya kauce wa mutum gaba ɗaya.

Ba a ko'ina lissafin yake tsayawa nan ba. A duwatsun Afganistan, inda ake hango juna daga tudu zuwa tudu, wani hafsan Amurka, Manjo Thomas Ehrhart, ya rubuta a 2009 cewa kusan rabin arangamar da ake yi ta wuce mita 300. Wannan na cikin abin da ya sa sojan Amurka ya zaɓi sabuwar bindiga mai harsashi mafi ƙarfi a 2022. Ke nan ƙasa ce take yanke nisan faɗa, ba abin da aka rubuta a jikin bindiga ba.

Ku dubi tamu ƙasar. Da damina ciyawa da dawa suna rufe mutum ruf. Da hunturu hazo yana tare ido. Hare-haren da aka sani a arewa da yawa da dare ake kai su, a kan babura. Duk waɗannan suna matso da faɗa kusa, suna kuma sa a yi ta ɓarin wuta ba tare da an ga wanda ake harbi ba.

Nan ne lissafinmu ya shigo. Harsashin da ya kuskure wanda aka nufa ba ya tsayawa a mita 300. Na AK yana barin bakin bindiga da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa ɗaya, ninki biyu na gudun sauti, saboda haka a nisan 'yan ɗaruruwan mita yana riga ƙararsa isowa. Bisa ƙididdigar sojan Rasha da suka ƙera ta, yana iya kisa har mita 1,500, yana kuma iya tafiya har kusan kilomita 3. Wanda ya tsaya a ƙofar gida yana cewa ai faɗan can nesa ne, ya tsira daga idon mai harbi, amma bai tsira daga harsashi ba.

Don haka ga 'yar shawara. In kun ji harbi, ku kwanta ƙasa, ku tara yara a ɗakin da ya fi shiga tsakiyar gida, nesa da taga. Kada a leƙa, kada a hau soro, kada matasa su fita ɗaukar hoto da waya. Zana da langa-langa da ƙofar katako da ƙofar mota suna ɓoye mutum ne kawai, ba sa tare harsashi. Bulo mai rami ma ba abin dogara ba ne. Katangar ƙasa mai kauri, ko rami, ko kwalbati, su suka fi. Direban da abin ya rutsa da shi a hanya, in ba halin wucewa, ya sauka ya kwanta a kwari, ko ya sa injin motar tsakaninsa da inda ƙarar take fitowa.

Masu babur kuma, in kun doshi shingen soja da dare, ku rage gudu tun daga nesa, ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Sojan da ke gadi cikin duhu ba zai bambanta ɗan kasuwa da ɗan hari daga mita 100 ba. Masu harbi sama don murna su ma su tuna cewa abin da ya hau sai ya sauko, kuma bai san kan wa zai sauka ba.

Muna roƙon limamanmu da sarakunan zango su isar da wannan ga waɗanda ba sa karatu, iyaye mata kuma su karantar da yara tun kafin ranar ta zo. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, soja da farar hula, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.