Kayan da Aka Mayar da Harshen Talla a Shagunan Intanet

A Kantin Kwari mai saye yakan taɓa shadda, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya taya. A shagon intanet kuwa, Jumia ne ko shafin Instagram, hoto da 'yan kalmomi ne kaɗai madogararsa. Don haka ina ganin yawan kayan da ake mayarwa ya fi auna ingancin bayanin haja fiye da ingancin hajar kanta.

'Yan kasuwa kan ɗauki mayarwa asara ce kurum. Da suna rubuta dalilin kowace, haja-haja, da sun gano inda lafazi ya saɓa wa ido. An ce takalmi lamba 8, ba a faɗi ma'aunin Ingila ne ko na Amurka ba. An sa farashin atamfa, ba a ce turmi ne mai yadi 6 ko rabi ba. Launi ya fi rikitarwa: ina iyakar ruwan goro da ja? Hajar da ake yawan mayarwa, bayaninta ya kamata a fara gyarawa kafin a karya farashinta.

Irin wannan kundi zai amfani mai nazarin ma'ana, domin yana nuna yadda masu saye ke fahimtar kalmar Hausa idan kuɗinsu na ciki.