Ƙafafun da ba sa barci da maganin ƙarin jini: a gwada kafin a sha

1/
Jiya na ga wata baiwar Allah ta rubuta cewa ƙafafunta ba sa barinta ta runtsa da dare. Kafin awa ɗaya an cika ta da shawara. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce "ki je kemis ki sayi maganin ƙarin jini kawai". Na biyun ya fi ba ni tsoro, don ya kusa gaskiya. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/
Ni abin ya fara min ne a aji ɗaya na jami'a. Da rana lafiya ƙalau. Amma da na kwanta sai in ji wani abu a ƙwaurina, ba zafi ba, ba ƙaiƙayi ba, kamar kiyashi na yawo a cikin ƙashi. Dole sai na motsa. In na miƙe na taka ya lafa, in na koma na kwanta ya dawo.

3/
Kun san gadon ɗakin ɗalibai, mai hawa biyu na ƙarfe. Ni ce a sama. Wadda ke ƙasa ta yi haƙuri har ta gaji, wata rana ƙarfe biyun dare ta ce, "Don Allah 'yar'uwa, keken ɗinki kike takawa ne?" Muka yi dariya, amma a baranda na ƙarasa daren ina kai da komo har assalatu. A zangon nan sai da na faɗi kwas ɗaya. Na yi karatun, barcin ne babu.

4/
A gida Mama ta ce sanyi ne, aka sayo man zafi. Gwaggo ta ce in daina fita tsakar gida da magariba. Addu'a ban taɓa bari ba, amma shekara biyu ba wanda ya ce min wannan ciwo ne da ke da suna a asibiti.

5/
Yana da suna: Restless Legs Syndrome, a taƙaice RLS. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi tun 1672, sai wani likitan Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken nazarinsa a 1945. Alamunsa: jin dole sai ka motsa ƙafa, yana tasowa in kana hutawa, yana lafawa in ka motsa, kuma ya fi tsanani da dare.

6/
To ina ruwan ƙarin jini a ciki? Ƙwaƙwalwa na buƙatar sinadarin ƙarfe don ta haɗa dofamin, wanda ke cikin abubuwan da ke daidaita motsin jiki. In ƙarfen da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi ƙaranci, wasu mutane a ƙafa suke ji. Kenan matsalar ba a ƙwaurin take ba, shi ya sa man zafi bai yi min komai ba.

7/
Ga inda da yawanmu ke yin kuskure. Sau biyu ana min gwajin PCV ana cewa jinina lafiya. Amma PCV tamkar tuwon da ke tukunya ne. Akwai wani gwaji dabam, feritin, shi ne ke leƙa rumbu. Tukunya na iya zama cike alhali rumbu ya kusa ƙarewa, don jiki yakan kwashe ajiyarsa ya ci gaba da yin jini kafin PCV ya sauka.

8/
Wata likita ce a ƙarshe ta saurare ni tsaf, ta rubuta min feritin. Ya fi PCV tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, sai da na rage kuɗin abinci. Nawa ya fito 14. Ga mai RLS, ƙa'idar masana ita ce in feritin bai wuce 75 ba ana iya gwada ba shi ƙarfe, ko da takardar gwajin ta nuna ba laifi. Don haka ka kai wa likita takardar, kada ka yanke wa kanka hukunci.

9/
Wani abu kuma da ya shafe mu nan: zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta mai zafin jiki na ɗaga feritin na ɗan lokaci. In ka gwada kana cikin zazzaɓi, rumbu zai yi kamar a cike. Bari sai ka warke.

10/
Yanzu ga abin da ya sa nake adawa da "ki saya kawai". Jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa. Ba kamar bitamin C ba ne da rarar ke fita a fitsari. Taruwa yake a hanta da zuciya. Kuma ku tuna Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Mai sikila jininsa na ƙasa, amma ba lallai don rashin ƙarfe ba ne, kuma wanda ake yawan ƙara wa jini ƙarfen ma yawa yake masa. Ka ba shi irin wannan shawarar, ka cuce shi da kyakkyawar niyya.

11/
Sannan in rumbu ya yi ƙasa, tambaya ita ce ta ina yake zuba? Ni al'adata ce mai yawa, abin da muke jin nauyin faɗa ko a gaban likita. Wani tsutsar ciki ce, wani gyambon ciki ne ke zubar da jini a ɓoye. Namiji musamman, in ƙarfensa ya yi ƙasa, a bincika dalili. Kwalbar kemis ba ta toshe ɓula.

12/
Ni ƙwayar ferrous sulphate aka rubuta min, ƙaramar nan mai araha da ake ba masu ciki a awo. Shan ta ne ke da ƙa'ida: da ruwa ko lemun zaƙi, nesa da shayi da madara kamar awa biyu, don su biyun suna hana hanji tsotse ƙarfen. Eh, har da malt da madarar nan da ake haɗa wa wanda "jininsa ya yi ƙasa". Daɗi ne kawai.

13/
Ba zan ɓoye ba, satin farko na sha wuya. Tashin zuciya, bayan gida ya yi tauri kuma ya koma baƙi. Baƙin ba abin tsoro ba ne ga mai shan ta. Da na koma na yi ƙorafi, likitar ta mayar da ni kwana ɗaya sha, kwana ɗaya hutu, cikina ya zauna.

14/
Ba farasitamol ba ce da za ka ji sauƙi cikin minti talatin. Sai wajen sati na shida na farka wata safiya na gane ban tashi ko sau ɗaya ba. Bayan wata uku aka sake gwaji. Mutane da yawa a sati na biyu suke jefar da ita su ce ba ta aiki.

15/
Masu shan Piriton ko promethazine don su samu barci: waɗannan na iya ƙara tayar da ƙafar. Ni ma na yi, dare ya ƙara tsawo. Haka kofi da goro da lemun ƙara kuzari na karatun dare.

16/
Ba kowa ƙarfe zai warkar ba. Wasu gado suka yi, wasu ciwon ƙoda ne ya jawo, masu ciki kuma yakan lafa musu bayan haihuwa. Akwai wanda sai an ba shi ƙarfen ta jijiya a asibiti, akwai mai buƙatar wani magani dabam. Ni ma har yau in na yi doguwar tafiya a mota yakan leƙo.

17/
In kana da ƙwayar a gida, ɗaga ta sama. Kama take da alawa, kuma in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Tawa tana cikin akwati mai kwaɗo saboda autanmu.

Baiwar Allah ta jiya, in kin ga wannan: ki rubuta feritin a takarda ki tafi da ita, kuma ki faɗa wa likita jinotayif ɗinki tun kafin ya tambaya.