KAYAN AIKI: Firintar gida za ta iya ceto tsofaffin hotunan 'yan fim?

A garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, irin su Boɗinga da Shagari, da yawa daga cikin masu sha'awar fim sun adana kwalayen kaset da fastoci da tsofaffin mujallu a akwati. Wani na da kwalin 'Sangaya' na 1999, wani na da fostar 'Wasila' ta 2000, wani kuma hoton marigayiya Balaraba Muhammad, wadda ta rasu a haɗarin mota a 2003, ko na marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda shi ma haɗarin mota ya yi ajalinsa ranar 1 ga Janairu, 2007. To fa takarda ba ta jure zafi da gara. Shi ya sa ake tambaya, ko ƙaramar firintar nan mai tawada, mai haɗa bugu da sikanin da fotokofi, irin su Epson L3210 da Canon Pixma, za ta iya aikin?

Za ta iya, amma da sharaɗi.

Na farko dai sikanin. Idan hoton wanki ne na situdiyo, kuma girmansa ɗaya za a sake bugawa, dpi 300 ya wadatar. In za a faɗaɗa shi, sai a kai 600. Amma fosta da mujalla da kwalin kaset ba hoton wanki ba ne, ɗige-ɗige ne ƙanana na injin ɗab'i. Shi ya sa in an ɗauke su kai-tsaye sai fuskar jaruma ta fito da zane kamar saƙar tabarma. Maganinsa shi ne a kunna Descreen a cikin manhajar sikanar. Sannan idon irin wannan sikana ba ya hango abin da ya ɗago daga gilashi. Dole a zare kwalin a shimfiɗe shi, a danne murfin, a kuma goge gilashin, domin ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya sai ta zama tabo a goshin jarumi.

Na biyu, bugu. Yawancinsu kala huɗu gare su: baƙi, shuɗi, ja-ja da ruwan ɗorawa. A takardar ofis hoto kan fito dishi-dishi, tawada ta jiƙe ta. Sai an sa takardar hoto mai sheƙi, an kuma zaɓe ta a cikin saitin bugu, sannan launin fata zai fito daidai. Mai shagon hoto da ke son fuska ta yi sumul, gara ya nemi mai kala shida, irin Epson L805.

Babban rauninsu shi ne rana. Tawadar kalar irin mai narkewa a ruwa ce, kuma hoton da aka liƙa a ƙofar shago ba ya daɗewa sai ya koɗe. A sa shi a firam ko albam, cikin inuwa. Haka kuma injin da aka bari makonni bai yi aiki ba, tawada kan bushe a bakinsa, sai ka ga layi-layi a hoto. A riƙa buga ko da shafi ɗaya duk mako, a lulluɓe shi da ƙyalle.

Kada kuma a dogara da takardar kaɗai. A ajiye fayil ɗin a wuri biyu, kwamfuta da filash, domin in hoto ya koɗe gobe a sake bugawa.

Sai dai a kula: adana kwalin fim don tarihi daban, buga shi da yawa don sayarwa ba da izinin furodusa ba kuma daban. Wannan satar fasaha ce, ita ce kuma ta karya jarin 'yan kasuwar fim da dama.