Shiƙar Aisotop: Kalmar da Yammacin Zamfara ke Jira

A shekarar 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje ita ce ke kashe yara a Dareta da Abare ta Anka, da Yargalma ta Bukkuyum. Kimanin yara 400 gubar dalma ta kashe. Akasarin binciken da ya biyo baya da Turanci aka rubuta shi, alhali Hausa iyayen yaran suke ji. Wannan giɓi nauyi ne a wuyan manazarta Hausa, kuma ilimin aisotop na cikin fagagen da ya kamata a fara cike shi.

Aisotop ƙwayoyin zarra ne na sinadari ɗaya, halinsu ɗaya, nauyinsu ne ya bambanta. Idan ruwa ya zama tururi, ko tsiro ya shaƙi iska, mai sauƙin nauyi kan riga mai nauyi wucewa, sai ma'aunin da ke tsakaninsu ya ɗan karkata. Harold Urey ya bayyana tushen wannan ka'ida a 1947. Hausa na da kalmar da ta dace da ita: shiƙa. Duk wanda ya ga masussuka ya san iska kan kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba.

Misalan na nan a ƙofar gida. Idan rani ya tsananta a Gummi, ruwan da ya kwanta a fadamun gulbin Zamfara yakan fi tara oksijin-18, domin mai ɗauke da oksijin-16 ya fi saurin tashi. Da wannan bambanci ake iya gane ko rijiya daga ruwan sama take sha ko daga kududdufi. Haka gero da dawa sun fi shinkafa da wake riƙe kabon-13, da tazarar kimanin 14 cikin 1,000, alamar da kan zauna har a gashin mai ci da ƙashinsa.

Sai dai dalma ba ta shiƙuwa ta yadda za a lura. Aisotop huɗu gare ta, 204, 206, 207 da 208, uku na ƙarshe daga ruɓewar yuraniyom da toriyom suka samu. Niƙa da narkarwa ba sa sauya ma'auninsu, don haka dutse kan tafi da hatimin raminsa har cikin jinin yaro. Inda hatiman suka bambanta, ana iya rarrabe dalmar ma'adinai da ta batir ko ta wasu nau'o'in kwalli. Uwar da aka ce ta daina niƙa dutse a tsakar gida, ko ta daina sa wa jariri kwalli, tana da haƙƙin jin hujjar da harshenta.

Za a iya cewa shiƙa na raba tsaba da ƙaiƙayi sarai, alhali ta aisotop ɗan rinjaye ne kawai. Ƙorafin na da tushe, amma maganinsa bayani ne a ƙamus, domin kalmar aro ma sai an yi mata bayani kafin manomi ya gane ta. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau su zauna da malaman kimiyyar sinadarai su tantance waɗannan keɓaɓɓun kalmomi, sannan a gwada su a bakin mahaƙa da ungozomai a Bagega. Wadda suka gane ita ta cancanci shiga littafi.