Bayan An Yi Wa Yaro Faɗa, Wa Ke Lallashinsa?

Sau da yawa uwa kan taso daga Gumel ko Gagarawa da ɗanta, ta ce ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci, ko kullum ciwon ciki. A auna fitsari, a duba jini, babu komai. Sai an zauna an yi hira sannan a ji ashe an yi masa dukan da ya wuce kima, ko ya ga an yi cacar baki a gida har uwar ta yi yaji. Ba kowane fitsarin kwance ne damuwa ke kawowa ba, don haka a fara kawo yaron a duba shi. Amma damuwa tana kawowa.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma babu gidan da ba a tsawata wa yaro. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Babba ya huce ya manta. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa ya kwana yana tsammanin an daina son sa, ko shi ne ya jawo rigimar iyayensa. Mu kuma ga kunya. Akwai uwar da ba ta iya faɗar sunan ɗanta na fari, balle ta dube shi ta ce ya yi haƙuri. Son yana nan, bakin faɗa ne babu.

A nan ne nake ganin amfanin ƙananan littattafan yara masu hotuna. A shekarar 2000 wata Bajamushiya mai suna Jutta Bauer ta fitar da wani mai suna Schreimutter, wato uwa mai tsawa. Wata tsuntsuwa ce ta daka wa ɗanta tsawa har jikinsa ya tarwatse, kai ya yi sama, ƙafafu suka yi ta yawo har Sahara. Uwar ta bi ta tattaro shi, ta ɗinke, ta ba shi haƙuri. Shi ke nan labarin. Uwar da ta ɗora ɗanta a cinya suna kallon hotunan nan ta riga ta faɗa masa abin da kunya ta hana ta, ta bakin tsuntsuwa. Ai haka kakanninmu suke yi da Gizo da Ƙoƙi. Kuma ba sai ta iya karatun boko ba, hoto ya isa.

Wani zai ce wannan shagwaɓa yaro ne. Ban yarda ba. Lallashi ba ya soke horo: an nuna masa laifinsa, sannan an nuna masa har yanzu ɗan gida ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Tsanani dai ba shi muka rasa ba.

Likitocin yara a Amurka sun daɗe da ɗaukar littafi tamkar wani ɓangare na aikinsu. Tun 1989 aka fara wani shiri a wani asibiti a birnin Boston, inda likita ke miƙa wa yaro littafi idan an kawo shi awo. Mu a nan, zaga kasuwar Maigatari ranar Alhamis: ga shanu, ga raƙuma, ga kaya iri-iri, amma da wuya ka samu littafin Hausa mai hoto na ɗan shekara uku. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam taska ce, sai dai ta waɗanda suka iya karatu ce. Akwai labaran yara na Hausa kyauta a shafin African Storybook na intanet, ga mai babbar waya.

Kwalejin Ilimi ta Gumel tana horar da malaman firamare da ake turawa har ƙauyukan Sule Tankarkar. Me zai hana ɗalibanta su zana littafi mai shafi goma sha biyu, na akuya da ɗanta da ya ɓarar da hatsi, a buga a ajiye a ɗakunan awo da na rigakafi, inda mata ke zaman jira tun safe da yara a cinya?

Kafin a samu wannan, kwali da fensir sun wadatar. In kuwa yaro ya yi mako biyu ba ya cin abinci sosai, ba ya wasa, ko yana yawan firgita, a kawo shi, kuma a gaya wa likita abin da ya faru a gida.