Mai hawa Bisoke ya ɗauki ɗan dako

A arewa maso yammacin Ruwanda, kan iyaka da Kwango, akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Bisoke, tsayinsa mita 3,711. A ƙolinsa tafki ne ya cika ramin da wuta ta bari. Dutsen yana cikin gandun dajin Volcanoes, wanda asalinsa ya koma shekarar 1925, kuma ana hawa a sauko a yini guda. Da ƙarfe bakwai na safe ake haɗuwa a ofishin gandun da ke Kinigi, kusa da garin Musanze, sannan mota ta kai mutane gindin dutsen. Hawa da sauka kan ci wajen awa shida, idan ƙafa ta ba da haɗin kai.

A inda mota ke tsayawa ne ake tarar da 'yan dako cikin shuɗin kaya, suna jiran wanda zai ba su jaka. Nan baƙi da yawa ke yin kuskure. Wani ya ga ya riga ya biya dala 75 na izinin hawa, to me zai sa ya ƙara dala 10? Wani kuma kunya ce ke kama shi, wai ɗora wa ɗan'uwansa kaya ya yi kama da zamanin Turawan mulki.

Duka biyun ba su san hanyar ba. Da farko ana ratsa gonakin dankalin Turawa da na farin furen da ake haɗa maganin ƙwari da shi, har a kai katangar duwatsu da aka gina don tare ɓauna daga shiga amfanin gona. Daga nan sai daji, sai taɓo. Ƙafa kan nutse har ƙauri, saiwoyin itatuwa suna santsi, ga wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ke ratsa wando. Iska tana raguwa, mutum ya yi taku goma ya tsaya yana haki. A irin wannan wuri ɗan dako ne ke miƙo hannu ya jawo baƙo, shi kuwa yana tafe cikin takalmin roba ko a jikinsa. Saukowa ma ta fi hawan wuya.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi ba ta gwiwar baƙo ba ce. 'Yan dakon nan mutanen ƙauyukan da ke gefen gandun ne, yankin da jama'a suka yi yawa, gona ta yi kaɗan. Daga cikinsu akwai waɗanda a da suke ɗana tarko a dajin. Tarkon na gada ne, amma yakan kama goggon biri, dabbar da mai bincike Dian Fossey ta kafa sansanin Karisoke a 1967 don nazarinta, tsakanin Bisoke da dutsen Karisimbi. Wanda dutse ke ciyar da iyalinsa ba zai so a lalata shi ba. Gaskiya ne tun 2017 gwamnati ke ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin yawon buɗe ido na gandun daji don makarantu da asibitoci da ruwan sha a ƙauyukan, to amma wannan sai ya bi ta ofisoshi. Kuɗin ɗan dako a ranar yake shiga tukunya.

A saman dutsen, ba a yarda kowa ya shiga ruwan ba, kuma sau da yawa hazo kan rufe tafkin ruf, sai an yi haƙuri iska ta yaye shi. Sanyi ba ya barin a daɗe.

'Yan Najeriya da Nijar da ke zuwa taro Kigali, tafiyar awa biyu da 'yan kai ce ta raba su da Musanze. Duk wanda ya yi niyyar hawan, ya tanadi rigar ruwa da safar hannu, ya karɓi sandar da za a ba shi, ya kuma miƙa jakarsa ko da gorar ruwa ce kaɗai a ciki.