Wa Ya Ce Ba A Dariya A Gidan Yari?

 

Bayan taron ƙungiyarmu na watan jiya, muna tsaye a bakin titi muna jiran adaidaita sahu, gardama ta sarƙe tsakanina da wata Antinmu da ta daɗe a harkar rubutu. Ni na jawo, domin na ambaci wani shiri mai dogon zango na Amurka, Orange Is the New Black, wanda aka gina a kan rayuwar mata a gidan yari. Ta ce ta kalli kashi uku ta ajiye. "Ƙanena, ni fa ban ga abin dariya a gidan yari ba. An raba mace da 'ya'yanta an kulle, sannan a ce in zauna ina ƙyalƙyala?" Kafin in ba ta amsa ta samu abin hawa, ni kuma na taho gida da maganar a raina.

Kafin in yi nisa, shirin nan cike yake da tsiraici da maɗigo da ashar, ba na kallo da iyali ba ne, ni kaina wurare da dama tsallake su na yi. Ban zo tallarsa ba. Sannan zan tona wasu abubuwan da suka faru a ciki, wanda ke da niyyar kallo ya sani.

Asalin labarin littafi ne da wata Ba'amurkiya mai suna Piper Kerman ta fitar a 2010, bayan ta yi wata 13 a ɗaure, mafi yawansu a gidan yarin tarayya na Danbury, saboda laifin da ya shafi kuɗin ƙwaya. Jenji Kohan ta mayar da shi shirin talabijin, Netflix ya fara nuna shi a watan Yuli na 2013, ya ƙare a 2019 bayan zango 7, kashi 91. A shirin, gidan yarin ƙirƙirarre ne mai suna Litchfield a jihar Niyok, jarumar kuma Piper Chapman, farar fata 'yar gidan masu hali da aka yanke wa wata 15.

Abin da Anti ta faɗa ba ita kaɗai ba ce. Tun fitowar shirin masu kallo suka rabu: wasu na cewa barkwanci ne da ya yi nauyi da yawa, wasu na cewa labarin ban tausayi ne da aka ɓata da wasa. Har masu ba da kyautar Emmy sun shiga ruɗanin. A 2014 shirin ya yi takara a rukunin barkwanci, a 2015 aka sauya doka aka tura shi rukunin wasan kwaikwayo mai nauyi. Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci kyautar a shekarun biyu a jere da rawa ɗaya tak, ta Suzanne mai taɓin hankali: a 2014 a matsayin mai ban dariya, a 2015 a matsayin mai ban tausayi. Suzanne ɗin nan dai ita ce, ba ta canja ba.

Ni ra'ayina, masu cewa gidan yari ba wurin dariya ba ne sun yi kuskure, sai dai a wuri ɗaya da zan zo kansa.

Ku duba daga ina dariyar take fitowa a zangunan farko. Piper ta shigo ba ta da takalmin shiga banɗaki, sai ta ɗaura audugar mata a tafin ƙafa. A ranarta ta farko ta kushe abincin gidan a gaban Red, ba ta san ita ce shugabar kicin ba, aka hana ta abinci kwana da kwanaki har sai da ta haɗa wa Red man shafawa na barkono don ciwon baya. Akwai kashin da aka ce an ga kaza a harabar gidan, mata suka bazama nemanta: Red tana son ta dafa kaza ta gaske ko sau ɗaya, wasu kuma sun yarda an cusa wa kazar ƙwaya ko kuɗi daga waje. Za ka yi dariya har cikinka ya ƙulle. Amma me ka koya kana dariyar? Ka koyi cewa a wurin nan audugar mata dukiya ce, mai riƙe da ludayi ta fi gandiroba iko a kan cikinka, kuma manyan mata masu 'ya'ya za su iya kwana suna mafarkin kaza guda. Da marubuciyar ta sa wata ta tsaya tana hawaye tana zayyano wahalar gidan yari, da ba mu riƙe rabin wannan ba. Kuma lura, fursunonin ne ke yin barkwancin, da bakinsu, don su kai gobe. Ba a tsaya daga waje ana nuna su da yatsa ba.

Wani ƙorafin da ya yi yawa shi ne na Piper kanta. Masu kallo da dama sun tsane ta: son kai, ƙorafi, ganin ta fi kowa. A nan ba zan daɗe ba, domin Kohan da kanta ta bayyana a wata hira a 2013 cewa Piper dabara ce. Ta kwatanta ta da dokin katakon nan na labarin Girkawa da mayaƙa suka ɓuya a cikinsa aka shigar da su birni. Ma'ana, masu kuɗin talabijin ba za su sayi labarin baƙaƙen mata da 'yan Latin Amurka da tsofaffi a kurkuku ba, amma idan ka sa farar budurwa a gaba, ƙofa za ta buɗe, sauran su biyo baya. Kuma sun biyo. Ta hanyar waiwaye, kusan kowane kashi yakan ɗauki mace ɗaya ya nuna mana rayuwarta kafin ɗauri. Wanda ya ce ya fi son Taystee ko Red a kan Piper, ai abin da aka shirya masa ke nan. Ga kuma amfaninta na ƙarshe: Piper ta fita ta ci gaba da rayuwa, Taystee kuwa, baƙar fata da ta taɓa samun saki ta dawo da ƙafarta don ba ta da wurin kwana a waje, an yanke mata ɗaurin rai da rai a kan kisan da ba ta yi ba. Ba a gane tsawon abu sai an jera shi da wani.

Inda gardamar masu kallo ta fi zafi shi ne zango na 4, a 2016, da mutuwar Poussey Washington.

Poussey ƙawar Taystee ce, 'yar soja, mai aiki a ɗakin karatun gidan, ƙaramar mace mai fara'a da aka ɗaure kan 'yar tabar wiwi. Ita da Taystee sukan zauna suna kwaikwayon maganar fararen mata masu kuɗi, suna sa wa kansu sunayen Turawa, kowa na dariya. Shekara uku masu kallo suna dariya tare da ita. A kashi na 12, fursunoni suka hau kan teburan ɗakin cin abinci suna zanga-zangar lumana, aka turo gandirobobi, Suzanne ta rikice, Poussey ta je lallashinta, wani matashin gandiroba mai suna Bayley ya danne ta da gwiwa a baya har numfashinta ya ɗauke. Duk wanda ya san labarin Eric Garner, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sandan Niyok a 2014 yana cewa ba ya iya numfashi, ya gane abin da ake nufi. Aka bar gawarta a ƙasa kusan kwana guda, kamfanin da ke tafiyar da gidan yarin yana neman yadda zai wanke kansa. Shugaban gidan ya yi wa manema labarai jawabi bai ko ambaci sunanta ba.

Masu kallo suka fusata, amma fushin kashi biyu ne, kuma a nan nake son mu buɗe ido. Kashi na farko su ne masu cewa: don me za ku kashe mana Poussey, ga mugaye nan birjik? Wannan fushi shaida ce cewa rubutu ya yi aiki. Da ba mu yi dariya da ita ba, da mutuwarta ta zama kamar labarin rediyo, a ji a ce Allah ya kyauta a wuce. Kashi na biyu, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne, cewa suka yi: a kashin da aka kashe ta, an ɓata lokaci ana nuna mana ƙuruciyar Bayley don mu tausaya masa, an mayar da kisan kamar tsautsayi, alhali a lokacin babu baƙar fata ko ɗaya a cikin marubutan shirin. Wannan ƙorafi ne a kan zaɓin marubuci, kuma yana da nauyi. Ni ina ganin waiwayen Bayley yana da hujja, domin an nuna shi yana yaro an kama shi da abokansa da giya da wiwi a wurin da aka hana shiga, 'yan sanda suka sake su, kusan laifin da ya kai Poussey kurkuku. Duk da haka ba zan ce masu ƙorafin ba su da gaskiya ba. Wanda aka taka shi ya san zafin takun.

Sai wurin da Anti ta yi daidai, ko da yake ba ta kai can ba: zango na 5. Duk kashi 13 ɗinsa kwana uku ne na boren da ya biyo bayan kisan. Taystee tana zaune tana tattaunawa da hukuma, tana neman a hukunta wanda ya kashe ƙawarta, a gefe guda kuma wasu fursunoni sun tsare gandirobobi sun tilasta musu gasar nuna basira, har da tuɓe kaya, ana so mu yi dariya. Masu kallo da yawa sun ce abin ya fita daga ransu, ni ma haka. Bambancin a fili yake. Dariyar kaza ta marar ƙarfi ce da ke neman abin riƙewa. Wannan kuwa dariyar wulaƙanta wanda ke hannunka ce, kuma an ajiye ta kusa da jinin da bai bushe ba. Marubutan sun ji tsoron kada a manta shirin na barkwanci ne, suka riƙa cusa wasa inda labarin bai nema ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan zauren shi ne, na karanta rubuce-rubucenmu da dama, har da nawa na farko, inda jarumar ke fara kuka a shafi na ɗaya ba ta dainawa sai shafin ƙarshe. Kishiyar uwa ta dake ta, miji ya sake ta, ta yi ta kuka. Ba ta taɓa tsokanar ƙanwarta, ba ta taɓa kwaikwayon tafiyar uwar mijinta a bayan idonta. Mun ɗauka idan ta yi dariya mai karatu zai daina tausayinta. Alhali mu ne mutanen da jikoki ke zuwa gidan rasuwar kakarsu suna tsokana, ana hawaye ana murmushi, ba wanda ya ce sun raina mamaciyar. Haka kuma masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp sun san matsin masu karatu: kar ki kashe wance, ki haɗa wane da wance. Wani saƙon na wanda labari ya taɓa ne, a gode masa a ci gaba da abin da aka tsara. Wani kuma yana nuna maka ne inda ka ɓoye mai laifi ko ka yi wasa a kan kabari, shi kam sai an koma an duba.

Na tura wa Anti kashin kazar nan, na ce ta daure ta kalla. Bayan kwana biyu ta turo mini saƙon murya tana dariya, ta ce Red ta tuna mata da wata gwaggonta mai sayar da abinci a tasha. Amma ta ce har yanzu tana kan bakanta, sai mun haɗu a taro na gaba.